Tsohuwar Audi TT ta faɗi gwajin hayaƙi: yadda za ka gano cutar kafin ka ƙara mata ƙarfi

Idan tsohuwar mota mai tobo ta faɗi gwajin hayaƙi, maganar farko da mai ita yake ji a gareji ita ce a canza matatar hayaƙi, wadda makanikanmu suke kira indomi. Ita ce ta fi tsada a cikin duk abubuwan da ake zargi, kuma ita ya kamata a taɓa a ƙarshe. Indomi ba ta cika mutuwa da kanta ba. Yawanci wani abu ne daga injin yake kashe ta: fetur ɗin da ya wuce bai ƙone ba, baƙin mai da ke bin salansa, ko injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa. Wanda ya saka sabuwa bai gano abin da ya kashe tsohuwar ba, to ya shirya sake saye. Waɗannan cututtukan kuma su ne za su fasa injin ranar da aka ƙara wa tobo matsi. Shi ya sa a wurina aikin ɗaya ne: motar ta ci gwajin da gaskiya tukuna, sannan a yi zancen ƙarin doki.

Zan yi bayanin da Audi TT ta farko, wadda aka ƙera daga 1998 zuwa 2006, mai injin 1.8T: silinda 4, bawul 20. Kala biyu suka fi yawa, mai ƙarfin doki 180 da ƙaramin tobo K03, da mai doki 225 da tobo K04 da intakula biyu, wato na'urar sanyaya iskar da tobo ya danna. Injin nan ba baƙo ba ne a garejinmu, domin shi ne a cikin Golf 4 GTI, da Passat B5, da Audi A3 da A4 na wancan zamani. Ma'aunin da zan bi shi ne na gwajin MOT na Birtaniya, saboda lambobinsa a fili suke. Wanda yake Jamus, ko yake kai motarsa cibiyar gwaji ta kwamfuta a Legas, iyakar da aka sa masa na iya bambanta, amma yadda ake karanta iskar salansa ɗaya ne ko'ina.

Fara da takardar da aka ba ka

Kada ka bar wurin gwaji ba tare da takardar sakamako ba. Takardar nan kamar sakamakon gwajin jini ce, ita za ta nuna maka inda za ka dosa. A gwajin farko na MOT, ana ɗaga injin zuwa juyi 2,500 zuwa 3,000 a minti, a nemi CO kada ya wuce kashi 0.2 cikin ɗari, HC kada ya wuce 200 ppm (kashi 200 cikin miliyan), lamda kuma ta tsaya tsakanin 0.97 da 1.03. Sai a sake totur injin ya koma silo, a nemi CO kada ya wuce 0.3. Idan motar ta gaza a nan, ana tabbatar da baƙin mai ya kai zafin digiri 80, a riƙe injin a juyi 2,000 zuwa 3,000 har minti 3, a sake aunawa da iyakar da kamfanin motar ya bayar. Tun 20 ga Mayu 2018 kuma, motar fetur da aka fara hawa daga 1 ga Yuli 2003 ta faɗi kai tsaye in fitilar cek injin tana kunne. Haka nan motar da ta fito da indomi daga kamfani aka same ta babu.

CO alama ce ta fetur da ya ƙone rabi saboda ƙarancin iska. HC fetur ne da ya fita ɗanye. Lamda 1.00 tana nufin awon ya yi daidai, kilo 14.7 na iska ga kilo 1 na fetur. In ta yi ƙasa da 1 mai ya yi yawa, in ta haura iska ta rinjaya. Ka roƙi mai gwajin ya nuna maka O2 (iskar oksijin) da CO2 (iskar da fetur ke bayarwa in ya ƙone sarai) ma, ko da ba su cikin abin da ake yanke hukunci da shi. Lafiyayyen inji mai lafiyayyar indomi yana ba da CO2 wajen kashi 14.5 zuwa 15, O2 kuma ƙasa da rabin kashi ɗaya.

Yanzu ka haɗa su. CO sama, lamda ƙasa da 0.97, O2 kusan babu: injin yana shan mai fiye da kima, ka nufi sensar zafi, sensar iska, nozul da matsin mai. HC sama tare da O2 sama: akwai silindar da ke misin, tana tura fetur da iska ba su ƙone ba. Lamda daidai, HC daidai, amma CO ya maƙale a 0.3 zuwa 0.6 ya ƙi sauka: nan ne kaɗai za ka fara zargin indomi, ko dai ba ta yi zafi ba ko ta gaji.

Akwai na huɗu, wanda ya fi cin kuɗin mutane a banza: CO da HC suna ƙasa ƙwarai, amma lamda ta kai 1.05 ko 1.10, O2 kuma ya haura. Injin nan lafiyarsa ƙalau. Na'urar gwaji ba ta auna abin da ke shiga injin, lissafin lamda take yi daga iskar da ta tarar a bakin salansa. In akwai ɗan rami a salansa, ko wurin haɗi ya saki, bugun hayaƙin yana zuƙo iskar waje, sai na'urar ta ga kamar mai ya yi kaɗan. Maganinsa walda ce ko sabon maɗauri. A TT ka duba maɗaurin da ke bayan indomi, domin tsatsa tana cinye shi, da kuma wurin lanƙwasar ragar bututun da ya sauko daga tobo. Ka toshe bakin salansa da tsumma na daƙiƙa kaɗan injin yana silo, za ka ji inda yake huci.

Zafin injin

Kafin ka sayi ko da fulogi ɗaya, ka tabbatar injin yana kai zafinsa. Tamostat ɗin 1.8T yana buɗewa a digiri 87, motar kuma ya kamata ta zauna wajen 90. In ya tsufa sai ya maƙale a buɗe, ka ga a babban titi zafin yana yawo a 70 da wani abu. Kwamfutar injin, wato biren boks, tana ganin haka sai ta ci gaba da ƙara mai, indomi kuma ba ta fara aiki sai ta kai digiri 250 zuwa 300. Kada ka dogara da allurar das bod, domin an yi ta ne ta tsaya a 90 ko da zafin ya ɗan motsa, kuma agogunan TT ta farko sun yi suna wajen ƙarya. Ka karanta zafin da na'ura.

Sensar zafin ruwa mai ƙafa huɗu ce, hanya biyu ce a cikinta: ɗaya tana kai labari das bod, ɗaya tana kai wa biren boks. Saboda haka allura na iya nuna daidai alhali kwamfutar tana karɓar ƙarya. Tsohuwar baƙa ce, wadda kamfani ya maye gurbinta da ita koriya ce, kuma ba ta da tsada. Gwajinta mai sauƙi ne: da safe kafin a tayar da mota, ka kwatanta zafin ruwa da zafin iskar shiga. Motar da ta kwana, ya kamata su yi kusa da juna.

A nan dole in yi magana da namu na gida. Al'adar cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai saboda zafin ƙasarmu, gyaran gangar Auzinawa ne. Injin da ba ya yin zafi yana wanke bangon silinda da fetur, yana tsinka baƙin mai, yana toshe indomi da baƙin toka. In motarka tana zafi, matsalar tana lagireto ko famfon ruwa ko fanka, can za a nema.

Ranar gwaji ka canza baƙin mai in ya tsufa, domin tsohon mai da ya sha fetur yana tura tururinsa cikin injin. Ka yi tafiyar minti 20 zuwa 30 a babban titi, ka isa a kan lokaci, kada motar ta yi awa guda tana hucewa a layi.

Ka karanta biren boks kafin ka goge komai

Ƙaramar na'urar OBD, wadda ake jonawa da kwamfutar mota, tana karanta lambobin laifi, amma a wannan injin manhajar VCDS ta kamfanin Ross-Tech ta fi, domin tana buɗe rukunan awo. Ka rubuta duk lambobin da ka gani. Kada ka yarda a goge su tukuna, domin gogewar tana share abin da kwamfutar ta koya game da awon mai, kuma shi ne babbar shaidarka.

Ka buɗe rukuni 032. Lamba ta farko gyaran da kwamfutar ke yi wa mai a silo ne, ta biyu na lokacin tafiya. In lambar tana da alamar ƙari, kwamfutar tana ƙara mai saboda ta ga iska ta rinjaya. In ragi ce, tana janye mai. Kamfani ya yarda har kashi 10 kowane ɓangare, amma ni in ta wuce 5 ina fara bincike. Lamba ta farko ta haura alhali ta biyu tana daidai: iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya bayan totur, lambar laifinta 17544 ko P1136. Ta biyu ta haura: sensar awon iska ta gaji tana rage lissafi, ko famfon mai da matatar mai sun raunana, lambar 17536 ko P1128. Ta biyu ta yi ragi sosai: iskar da aka riga aka auna tana tserewa bayan tobo ya danna ta.

Wannan na ƙarshen yana rikita wanda ya saba da motar da ba ta da tobo. Sensar awon iska tana gaban tobo. Ta ƙirga iska, kwamfuta ta zuba mai daidai da ƙirgen, sai tiyo ya zubar da wani kaso a hanya. Man ya isa silinda cif, iskar ba ta cika ba. Rami ɗaya a manifol yana iya jawo ƙarancin mai a silo, ya jawo yawan mai da baƙin hayaƙi in an taka. Lambar 17705, wato P1297, tana nuna faɗuwar matsi tsakanin tobo da totur, 17964 kuma tana nuna tobo bai kai matsin da aka nema ba.

Farautar iskar da ke tserewa

A nan za ka daɗe, kuma a nan galibin aikin yake. Injin 1.8T yana da tiyo da yawa na roba da na filastik, shekara 20 na zafin tobo ya mai da su kamar busasshen kara. Waɗanda ke ƙarƙashin manifol, masu kwashe tururin baƙin mai daga cikin injin, sukan narke ta ƙasa inda ido ba ya gani, sai ka sa hannu ka ji yatsa ya shige. Tiyon da ke tafiya zuwa bustar birki yakan tsage a bakinsa. Bututun filastik da sandar awon mai ke shiga yakan farfashe. Ƙananan tiyo masu saƙar zare, na kan regiletan mai da na bawul ɗin mayar da iska (mai mayar da iskar tobo baya in an saki totur), suna tsagewa a ƙarƙashin saƙar.

Hanya mafi kyau na'urar hayaƙi ce: a hura hayaƙi cikin bututun shiga injin yana kashe, a ga inda yake fita. In babu, ka cire sensar iska, ka toshe bakin bututun da marfi mai bawul ɗin taya, ka hura iska a hankali ta regileta. Ka fara da rabin bar, kada ka wuce bar 1. Ka toshe hanyar tururin da ke haɗuwa da bututun, ka buɗe marfin baƙin mai, don kada matsin ya tura sil ɗin injin. Sai ka bi kowane haɗi da ruwan sabulu. Ka duba gefunan intakula da kyau, musamman a mai doki 225 da take da biyu, ɗaya a kowane gefen bamba.

Bawul ɗin mayar da iska yana da gwajinsa. Ka cire shi, ka tura fistin ɗinsa sama, ka toshe ƙaramin bakin sama da yatsa, ka saki. In ya riƙe har sai ka ɗaga yatsa ya koma da ƙara, lafiya lau. In ya zame, robar ciki ta yage. Na asali na Bosch wanda lambarsa ta ƙare da 710N ya isa.

Sannan sensar awon iska. A silo, injin da ya yi zafi kuma an kashe AC, rukuni 002 yana nuna giram 2 zuwa 4 a daƙiƙa. Gwajin gaske a kan hanya ne: giya ta uku, daga juyi 2,000 har kusa da jan layi, wani yana riƙe da kwamfuta. Ƙa'idar da masu aikin nan ke bi ita ce lamba mafi girma ta kai kusan kashi 80 cikin ɗari na dokin motar, wato wajen 140 a mai 180, wajen 175 zuwa 180 a mai 225. In ta tsaya can ƙasa kuma babu ɗigon iska, sensar ta gaji. Ka sayi Bosch ta gaske mai lambar injinka. Jabun sensar iska yana jawo cutar da ta fi ta tsohuwar wahalar ganewa.

In alamu sun nuna yawan mai, abu biyu ake mantawa. Regiletan mai na TT na bar 3 ne: ka zare ƙaramin tiyonsa, in ka ga danshin fetur, robarsa ta fashe yana zuba mai kai tsaye a manifol. Sai bawul N80 mai sakin tururin tanki, in ya maƙale a buɗe motar takan yi wuyar tashi bayan an sha mai. In ka wanke totur, ka sake daidaita shi ta rukuni 060.

Wuta, sensar salansa, da baƙin mai

Kwayil ɗin wannan injin sun yi ƙaurin suna, har Volkswagen da Audi suka yi kiranyen canza su a 2003. Rukuni 015 da 016 suna ƙirga misin na kowace silinda. In silinda ta 2 ce ke yi, ka musanya kwayil ɗinta da ta 3. Misin ya bi kwayil, ka gano. Bai bi ba, ka musanya fulogi, sannan nozul. Ka leƙa ramin fulogi, in akwai baƙin mai gaskit ɗin marfin sama ne ke zuba. Fulogin asali NGK PFR6Q ne da tazarar milimita 0.8. Kuma in fitilar cek injin tana ƙiftawa, ka tsaya. Ɗanyen fetur ne yake ƙonewa a cikin indomi, tafiyar 'yan kilomita ta isa ta narkar da ita.

Sensar lamda ta gaba ita ke jan ragamar awon mai. In ta tsufa tana yin nauyin amsawa ba tare da ta kunna fitila ba. Ka duba lambar injinka kafin ka saya: APX yana amfani da tsohon salo mai waya huɗu, su AUQ da BAM suna amfani da mai faɗin awo, kuma ba sa musanyuwa. Rami a salansa gaban wannan sensar ya fi na baya sharri, domin sensar tana ganin iskar waje sai ta sa a ƙara mai. Manifol ɗin hayaƙi na mai doki 225 yakan tsage, za ka ji ƙas-ƙas da safe wanda ke raguwa in ƙarfen ya yi zafi. Lambar 16795 kuwa ta famfon da ke hura iska cikin salansa ce a minti na farko bayan tashi da sanyi. Ba ta taɓa awon motar da ta yi zafi, amma tana kunna fitila, fitilar kuma ta isa ta kayar da kai.

Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne. In yana fita da safe ko bayan doguwar gangara, ka zargi sil ɗin bawul. In yana fita bayan dogon silo ko lokacin da tobo ya ɗauka, ka zargi tobo, amma ka fara duba hanyar tururin injin, domin in ta toshe tana hana mai komawa daga tobo, lafiyayyen tobo ya yi ta hayaƙi. Ka cire bututun shiga ka taɓa sandar tobo: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, motsi gaba da baya ko fuka-fukan da suka goge bango laifi ne. Ka auna kwamfireshan: lafiyayye yana ba da bar 10 zuwa 13, iyakar lalacewa bar 7, bambanci tsakanin silinda kada ya wuce bar 3.

Sai yanzu indomi

In duk waɗannan sun daidaita, rukuni 032 ya dawo kusa da sifili, amma CO ya ƙi sauka, to ta gaji. Shaidarta tana sensar lamda ta baya, wadda ke bayan indomi: in indomi tana aiki, wutar sensar takan zauna wajen bolt 0.6 zuwa 0.7 a tafiya madaidaiciya. In tana hawa da sauka da sauri, sinadaran ciki sun daina aiki, lambar 16804 ko P0420 za ta fito. Ka ɗan bubbuga ta da hannu in ta huce, in kana jin kacau-kacau, saƙar ciki ta farfashe. A Birtaniya motar da aka yi wa rajista daga 1 ga Maris 2001 dole a saka mata wadda ke da shaidar amincewa. Masu arha sosai ƙarfen filatinam da faladiyam da rodiyam ɗinsu kaɗan ne, sukan ci gwajin bana su faɗi na baɗi. Ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa don a janye sensar baya daga hayaƙi fitila kawai yake kashewa, na'urar da aka zura a salansa ba ta san da shi ba. Wanda ya sayi motar Kwatano ya leƙa da kansa, domin ana yawan fasa gwangwanin a kwashe cikin a mayar da shi fanko.

Ƙarin ƙarfi

Motar da ta ci gwaji ta cancanci a yi mata maganar doki, amma akwai bashin da za a fara biya. Tamin bel na farko: in ya tsinke fistin yana dukan bawul. In ba ka da takardar ranar da aka canza shi, ka canza shi da tenshina da famfon ruwa, wanda fankar cikinsa ta filastik takan tsage. Yawancin masu motar ba sa barin sa ya wuce mil 60,000 ko shekara 5. Na biyu, a sauke kaskon mai a wanke ragar bututun da ke zuƙo baƙin mai. Daskararren mai yana toshe ta, kuma ya kashe injina da tobo masu yawa, musamman a Passat da A4. Daga nan sai baƙin mai na sintetik zalla mai shaidar VW 502 00, irin 5W-40. Mai quattro, wato mai jan taya huɗu, ya canza man Haldex, na'urar da ke kai ƙarfi tayoyin baya, duk mil 20,000. Man birki, fayafayi da tayoyi masu kyau su riga doki zuwa.

Abin da ya fi ba da riba shi ne sake rubuta manhajar biren boks. A lafiyayyar mota da fetur ɗin Turai mai kyau, mai doki 180 takan kai wajen 205 zuwa 210, mai 225 takan kai wajen 260. Ka nemi wanda zai auna motarka kafin da bayan aiki. Wanda zai zuba fayil ya miƙo maka makulli cikin minti goma, ka wuce shi. Da ƙarin matsi ana komawa fulogi mai sanyi da mataki ɗaya, irin NGK BKR7E, da tazarar 0.7. Bututun shiga tobo na roba yakan shanye ya manne in tobo ya ja da ƙarfi, ana maye shi da na silikon. Babbar intakula ta gaba tana da amfani na gaske, domin iska mai zafi ita ke sa kwamfuta ta janye wuta. In za ka faɗaɗa bututun salansa, ka haɗa shi da indomi ta tsere mai ramuka 200 a kowane inci murabba'i daga kamfani nagari, kuma ka san cewa sai ta yi zafi sosai take cin gwaji.

Abu uku ina roƙonka ka bari. Bawul mai fesar da iska waje don a ji ƙarar nan: iskar da yake zubarwa an riga an ƙirga ta, duk canjin giya injin yana shan mai fiye da kima. Matatar iska mai jiƙe da mai: man yana shafe sensar awon iska. Sai manhajar da ke sa salansa harbi in an saki totur: fetur take ƙonawa a cikin tobo da indomi da gangan, tana rage musu kwana. Cire indomi gaba ɗaya kuwa, ban da faɗuwa gwaji, CO ɗin da take tacewa guba ce mai kisa, kuma masu shaƙarsa su ne na bayanka a go-sulo da yaron garejin da ke tsaye a bakin salansa.

Iyakar injin tana kwanrod, wato sandunan da ke haɗa fistin da kiranshaf. Masu haɗa waɗannan injina sun daɗe suna gargaɗin cewa na asali sukan lanƙwashe in ƙarfin murɗawa ya kusanci Nm 400, musamman in ya zo bagatatan a ƙaramin juyi. Ka ce wa mai rubuta manhaja ya shigo da matsin a hankali. Wanda yake son babban tobo ya fara da ƙarfafan kwanrod, manyan nozul da famfon mai. Kulocin da ya tsufa ma zai fara sulɓi, za ka gane in ka taka a babbar giya juyi ya tashi gudu bai ƙaru ba. A Birtaniya kuma dole ka sanar da kamfanin inshora duk canjin da ka yi.

Ga mai irin wannan injin a Kano ko Sakkwato ko Yamai, manhajar da aka rubuta a Turai an gina ta a kan fetur mai oktan 98 ko 99 da iska mai sanyi. Namu fetur ɗin bai kai nan ba, zafin watan Afrilu kuma yana haura digiri 40. Ka nemi manhaja mai sauƙin matsi da sauƙin wuta, ka sa kuɗinka a intakula da lagireto, ka riƙa canza matatar iska da wuri lokacin hunturu.

Bayan an gama, ka koma kan hanya da VCDS a giya ta uku, wuri marar cunkoso, wani yana riƙe da kwamfuta. Rukuni 115 yana nuna matsin da aka nema da wanda aka samu, ya kamata su bi juna. Lambar ta haɗa da nauyin iskar duniya kusan milibar 1,000, sensar matsi ta asali kuma ba ta gani sama da wajen 2,540. Rukuni 020 yana nuna yawan wutar da kwamfuta ke janyewa a kowace silinda saboda ƙwanƙwasa: in ya wuce digiri 6, a rage. Rukuni 031, a injin mai sensa mai faɗin awo, ya kamata lamda ta sauka wajen 0.8 in an taka har ƙasa. In tana zaune a 0.9 ko sama, ka ɗaga ƙafa nan take, mai ba ya isa. Rukuni 118 yana nuna zafin iskar shiga, da shi za ka san ko intakula tana aikinta.

Daga nan ka biya a sake zura na'urar hayaƙi a salansa. A silo da juyi 2,500 ba kaya, tobo ba ya danna komai, sensar lamda ce ke riƙe da awo, don haka manhaja mai kyau ba ta canza waɗannan lambobin. Ya kamata ka ga abin da ka gani ranar da motar ta ci gwaji: CO ƙasa da 0.2, HC ƙasa da 200, lamda kusa da 1.00. In sun motsa, ka fara da maɗauran sababbin bututun da aka saka, sannan ka sake buɗe rukuni 032 bayan tafiyar kwana biyu ko uku.